Bayan Tattakin Arba'in: Samarra ko Bagadaza?

Duk shirin da muka yi tun daga gida na tattakin Arba'in ne kawai, wato tafiyar ƙafa zuwa Karbala ta Iraƙi don juyayin cika kwana arba'in da shahadar Imam Husaini. Wane takalmi za a sa, wace jaka ce ba za ta ci kafaɗa ba, a turke na nawa za a haɗu in an ɓace wa juna. Daga Najaf zuwa Karbala kusan kilomita 80 ne, turakun fitilar da ke tsakiyar titin kuma an yi musu lamba daga 1 har 1452, to a kan lambobin nan hankalin kowa ya tsaya. Ba wanda ya zauna ya yi lissafin yadda zai yi da 'yan kwanakin da za su rage tsakanin ranar Arba'in, 20 ga Safar, da ranar tashin jirgi. Wannan mun bar wa kamfanin da ya yi mana biza da tikiti, su kuwa layi ɗaya suka rubuta a takardarsu: Kazimiyya, Balad, Samarra, sannan filin jirgin Bagadaza.

Arba'in ɗin 2024 a ƙarshen watan Agusta ya faɗo, lokacin da zafin Iraƙi ke kan ganiyarsa. Hukumar haramin Abul Fadl Abbas, ɗan'uwan Imam Husaini, ta sanar cewa mutum sama da miliyan 21 suka shiga Karbala a kwanakin. Jama'ar nan sun ɗauki kusan mako biyu suna kwararowa da ƙafa, amma da mota kowa ke son fita, kuma kusan a rana ɗaya. Daga nan matsalarmu ta taso. Babbar motar da aka yi mana alkawari ba ta zo ba. Jagoranmu ya yi ta buga waya har cajinsa ya ƙare, daga baya muka ji cewa direban ya samu waɗanda suka ninka masa kuɗi. Jagoran bai yi mana rufa-rufa ba. Ya zaunar da mu ya ƙirga wa kowa kasonsa na kuɗin motar, ya ce kowa ya zaɓi inda ƙarfinsa zai kai shi, abin da ba ya so dai shi ne a nemi wani a rasa ranar tashi.

A gidan wani Ba'iraƙe muka sauka, can wata unguwa mai ɗan nisa da harami. Hajji muke ce masa. Shi da iyalinsa sun tattare a ɗaki ɗaya, suka bar wa maza ƙasa, mata sama, kuma da wani a cikinmu ya yi kuskuren ciro kuɗi sai da fuskar Hajji ta canja. A falonsa aka yi zaman shawara bayan isha'i, kowa ya miƙe ƙafa a kan darduma. Ƙafafun nan abin kallo ne. Wani dattijo daga Maraɗi, Alhaji, ya tsoma nasa a baho na ruwan ɗumi da gishiri, ɗan Hajji kuma yana tsugune yana huda masa bororon dunduniya da allurar da ya ƙona a wutar ashana, ya bar zaren a ciki don ruwan ya riƙa tsiyaya. Rabinmu tari muke yi, don ba wanda ya tsira daga murar da ƙurar hanya da ruwan ƙanƙara ke haddasawa. A wannan hali ne fa muke gardamar inda za mu ƙara tafiya.

Malam ne ya fara magana, shi da yake ja mana karatun ziyara. Ya ce Imamai shida ke kwance a ƙasar Iraƙi, mu biyu kacal muka gaisar, Imam Ali a Najaf da Imam Husaini a nan. Saura biyu a Kazimiyya, biyu a Samarra. Ya ce Kazimiyya cikin Bagadaza take, ko a kan hanyar filin jirgi ana iya leƙawa, amma Samarra in ba ka yi niyyarta musamman ba, ba za ka taɓa zuwa ba, shi ya sa ma ta fi sauran ƙarancin maziyarta. "Wanda ya biyo Husaini da ƙafa kwana da kwanaki," in ji shi, "zama a mota ne zai gagare shi?"

Wani matashi da ke karatun tarihi a jami'a ya ce shi Babil yake so. Ga ta nan kusa da Hilla, bai fi kilomita hamsin daga Karbala ba, garin da Alƙur'ani ya ambata da sunansa a ƙissar Haruta da Maruta, fadar Bukhtanasar, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2019. Malam ya kalle shi ya ce, "Ɗana, ka bar hubbaren Imamai ka tafi kallon kangon sarkin da ya rushe Baitul Muƙaddas?" Yaron bai ja da shi ba, amma kuma bai janye ba.

Alhaji na Maraɗi bai ɗago kansa daga bahon ba. Ya ce shi ba inda za shi. Tun da ya shigo garin bai samu ya matsa kusa da kabarin Imam ba saboda cunkoso, daga Bainal Haramaini, filin da ke tsakanin haraminsa da na Abbas, ya yi sallama, sai ka ce wanda ya zo gidan sarki ya tsaya a zaure. Gobe ko jibi gari zai yi sauƙi. Zai zauna ya shiga harami a natse, ya je Tallu Zainabiyya, tudun da aka ce Sayyida Zainab ta tsaya ranar Ashura, da Mukhayyam, inda aka kafa tantunan iyalan Imam, in ƙafa ta yarda ya ɗauki mota zuwa kabarin Hurru ɗan Yazidu, kwamandan da ya bar rundunar maƙiya ya koma wajen Imam, kabarin da 'yan kilomitoci ne daga tsakiyar gari. Har yau ina ganin a duk ɗakin shi ya fi mu gaskiya. Mutane da yawa suna shan wahalar tattaki su iso Karbala a ranar da ba a iya ganinta, su fice a ranar da ta fara buɗewa.

Ni kuwa da wani nauyi na zo wanda ban gaya wa kowa ba. Gwaggona ce ta riƙe ni tun ina ƙarami a cikin birnin Kano. Baƙadira ce ta gidi, irin waɗanda ba sa fashin Maukibi, ko bandiri ta jiyo daga nesa sai ka ga leɓenta na motsi. Ba ta taɓa jin daɗin hanyar da na ɗauka ba, ta kuma faɗa mini ba sau ɗaya ba. Amma ranar da na je yi mata sallama sai ta kwance bakin zanenta ta ba ni wasu tsofaffin takardun naira da suka sha naɗi, ta ce, "In ka je Bagadaza ka gaishe mini da Sidi Abdulƙadir. Ka ce masa 'yarsa ta tsufa ba ta samu zuwa ba." Na ce, "Gwaggo, ai Karbala za ni, ba Bagadaza ba." Ta ce, "Duk ba ƙasarsa ba ce?" A wurinta Iraƙi gaba ɗaya Bagadaza ce, Bagadaza kuma Shehu Abdulƙadir Jilani ne.

Saboda haka a gare ni zancen ya koma tsakanin wurare biyu. Daren nan barci ya ƙi zuwa, na yi ta juya abin.

Samarra ta ja ni ƙwarai. Kilomita kusan 125 take arewa da Bagadaza, a bakin kogin Dijla. Halifa Mu'utasim ne ya gina ta a shekara ta 836 ya mayar da fadar Abbasiyawa can, kuma nan aka kawo Imam Aliyul Hadi daga Madina aka ajiye shi ƙarƙashin idon hukuma har ya rasu, ɗansa Imam Hasanul Askari ma haka. A gidan da suka zauna aka binne su, Sardabi kuma, ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ake dangantawa da Imam Mahdi, yana nan gefe. Duk wanda ya yi wayo a 2006 ya tuna hoton ƙubbar zinaren nan a tarwatse bayan bam ɗin ranar 22 ga Fabrairu, abin da ya kunna wutar da ta ci dubban rayuka a ƙasar. A 2007 aka koma aka rushe hasumiyoyin biyu. An sake gina su duka. Ina son in ga ƙubbar da idona, in kuma hango Malwiyya, hasumiyar nan mai matakala a nannaɗe ta waje, mai tsawon mita 52, wadda aka gina zamanin Mutawakkil. A hanya ga Balad, inda kabarin Sayyid Muhammad ɗan Imam Hadi yake.

Sai dai lissafin hanya bai ba ni haɗin kai ba. Karbala zuwa Bagadaza ya ɗan haura kilomita 100, a ƙara 125 zuwa Samarra, a dawo da 125 ɗin. A ranar da hanya ke sake ma yini guda ne cur, balle a makon da miliyoyi ke komawa gida, ga shingayen bincike da ke ƙara yawa da zarar an wuce Bagadaza, baƙo kuma fasfonsa sai an duba an sake dubawa. In na tafi Samarra, abin da zai rage mini a Bagadaza 'yan sa'o'i ne, kuma Kazimiyya za su tafi. Hubbaren Jilani yana ɗaya gefen kogin, a tsohuwar unguwar Babus Shaikh, ba a kan hanyar kowa ba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Da asuba na samu Hajji a ƙofar gida yana wanke manyan tukwanen da aka yi ta dafa shinkafa da ƙima a cikinsu. Da Larabcina na makaranta da nasa na kasuwa muka fahimci juna. Bai ce mini je nan ko je can ba. Tambayoyi ya yi: daga wane filin jirgi za ka tashi, ƙarfe nawa, ƙafarka tana shiga takalmi? Da na ce Bagadaza, cikin dare, ƙafa kuma sai silifa, sai ya ce to ka kwana kusa da jirginka, kada ka bar shingen soja tsakaninka da shi a rana ta ƙarshe. Ya ƙara da cewa yau kada ka motsa ko nan da can, yau ranar 'yan Basra da 'yan Iran ce, su ke cike tasha, bari sai gobe da daddare. Shawarar nan ta jinkirta fita ita ta fi komai amfanar mu duka, har waɗanda suka nufi Samarra.

Da na gaya wa Malam abin da na yanke, shiru ya ɗan yi. Ya ce, "Saƙon uwa ne, ba ni da ta cewa. Amma ka fara da Kazimiyya." Na ce da ma haka na shirya. Mutum biyu suka ce za su bi ni, ɗaya don ƙafarsa, ɗaya don kuɗinsa sun yi ƙasa. Ɗalibin nan ya samu wani ɗan Hilla da zai koma gida ya maƙale masa. Malam da mafi yawan jama'a suka haɗa kuɗi suka yi shatar ƙananan bas biyu.

Fita daga Karbala tattaki ne na biyu wanda ba mai ba ka labarinsa. A kwanakin Arba'in ana hana motoci shiga tsakiyar gari, saboda haka sai ka taka kilomitoci kafin ka kai inda suke tsayawa. Mawakibai, wato wuraren masu yi wa maziyarta hidima kyauta, inda jiya-jiya ake riƙe maka hannu ana roƙonka ka ci abinci, ana ta "hala biz zuwwar", wato maraba da maziyarta, yanzu ana kwance rumfunansu, ana loda barguna da tukwane a manyan motoci. Muka ɗora jakunkunanmu a amalanken wani yaro, daga baya muka hau irin A Daidaita Sahun nan tasu. A tasha na tsaya gaban wani mai firji na miƙa hannu na ɗauki ruwa na juya zan tafi, sai na ji ya kira ni. Na manta ana sayen ruwa. Tun daga Najaf ban taɓa aljihuna ba, shayi da falafil da kankana da wurin kwana da tausa har da wankin kaya duk kyauta. Ya yi dariya, ni ma na yi, na biya. Ciniki da direbobi kuwa sai da muka ja daga. A lokacin dala ɗaya wajen dinari 1,500 ce a kasuwa, su kuma in sun ce "khamsa" dubu biyar suke nufi, in ka yi sake ka ɗauka wani abu ne daban sai an kai ga rigima a ƙarshen tafiya. Muka sa direban ya rubuta kuɗin a waya, kowa ya gani, sannan muka shiga.

Mun shiga Kazimiyya gab da asuba. Ƙubba biyu na zinare kafaɗa da kafaɗa, manyan hasumiyoyi huɗu, ƙarƙashinsu kaka da jika: Imam Musal Kazim, wanda ya rasu a kurkukun Haruna Rashid a shekara ta 183 bayan hijira, da Imam Muhammadul Jawad, da ya rasu a 220 yana ɗan shekara ashirin da biyar. Akwai jama'a, don da yawan masu komawa gida nan suke yada zango, amma bayan Karbala sai na ga wurin fili fetal. Na miƙa silifana ga masu ajiyar takalma, aka ba ni lamba, na shiga har na dafa shingen azurfar kabarin ba tare da wani ya take ni ba. Babul Hawa'ij suke ce wa Imam Kazim, ƙofar biyan buƙatu, kuma za ka ga shaida a tsummoki kore da aka ɗaɗɗaure da kuma matan da ke magana da kabarin da ƙarfi kamar suna kai ƙara. A haramin ne kuma Shaihu Mufid da Nasiruddin Ɗusi suke kwance. Muka yi salla, muka kama ɗaki a wani ƙaramin otal na kusa, muka yi barcin da ba mu yi irinsa ba tun da muka baro gida.

Bayan la'asar, da rana ta ɗan yi sanyi, na ce wa abokan tafiyata ni da ƙafa zan tsallaka kogi. Suka ce ban gaji da tafiya ba ke nan. Gaskiyar magana jikin da ya saba da taku ba ya son a tsayar da shi farat ɗaya, zaman motar nan ma ya fi tafiyar sa mini tsami. Kuma daga harami zuwa Gadar Imamai ba nisa. Gadar ce ta haɗa Kazimiyya da A'azamiyya, unguwar 'yan Shi'a a yamma, ta Ahlus Sunna a gabas, Dijla na gudana a tsakani. A kanta ne aka yi turmutsitsin ranar 31 ga Agustan 2005, lokacin da jita-jitar ɗan ƙunar baƙin wake ta faɗa cikin masu zuwa juyayin wafatin Imam Kazim, mutum kusan dubu suka mutu, wasu a tattake, wasu a ruwa. Mutanen A'azamiyya ne suka faɗa kogin suna tsamo su. Har yau ana ambaton wani saurayi a cikinsu, Usman al-Ubaidi, wanda ya yi ta komawa yana fito da mutane har ƙarfinsa ya ƙare ya nutse. Bayan haka an rufe gadar, sai a ƙarshen 2008 aka sake buɗe ta. Na tsaya a tsakiyarta na leƙa. Da na ga tazarar da ke tsakanin ƙarfen gada da ruwa, sai na gane irin firgicin da zai sa mace da goyo ta zaɓi faɗawa.

Kana sauka daga gadar masallacin Imam Abu Hanifa ne a gabanka, da hasumiyar agogonsa. Mu mutanen Malikiyya ne a can gida, ba mu cika jin sunansa ba sai a karatu, amma ban ga yadda zan wuce ƙofarsa ban yi sallama ba. Ya rasu a 150 bayan hijira, kuma abin da ya shahara shi ne a tsare ya rasu, bayan ya ƙi karɓar alƙalancin da halifa Mansur ya tilasta masa. Ke nan gabas da yammacin gadar nan mutum biyu ne da gidan sarauta ɗaya ya kulle. Na yi magariba a can. Ba wanda ya kalli yadda na saki hannu ko na kama.

Washegari da hantsi na ɗauki tasi ni kaɗai zuwa Babus Shaikh. Cunkoson motocin Bagadaza ya cinye mini fiye da sa'a guda a tafiyar wajen kilomita goma, na yi ta gode wa Allah da ban bar wannan ziyara sai ranar tashi ba. Unguwar tsohuwa ce, lunguna matsattsu, wayoyin janareto sun yi saƙa a sama. Sai kawai ka ɓullo ga babbar ƙofa da harabar da aka shimfiɗe da farin dutse. A nan makarantar da Shehu Abdulƙadir ya gada daga malaminsa take, a nan ya yi ta wa'azi shekara da shekaru, a nan aka binne shi a 561 bayan hijira, wato 1166. Maziyartan da na tarar mafi yawansu 'yan Pakistan da Indiya ne da Kurdawa masu faffaɗan wando, wasu sun baje a inuwar baranda da alamar sun kwana biyu a wurin.

Wani dattijo mai kula da ƙofar ɗakin kabarin ya tambaye ni daga ina. Na ce Najeriya. Ya ce, "Kano?" Sai da na yi turus. A hanyar Najaf in ka ce Najeriya sunan Shaikh Zakzaky ake jefo maka, a nan kuwa Kano aka sani, da gidan Kabara. Ba abin mamaki ba ne in an duba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Baƙadire ne, jama'arsa da Ƙadirawa ake kiransu, Malam Nasiru Kabara kuma ya zo nan da kansa a shekarun 1950 ya ƙulla zumuncin da bai yanke ba har yau. Ni da na taso ina jin "ya Jilani" a bakin tsofaffi in sun yi tuntuɓe, ban taɓa kawowa a raina cewa a can ma an san da mu ba.

Ɗakin kabarin bai kai girman na Kazimiyya ba, bango da rufi duk madubai ne 'yan ƙanana, ga ƙamshin turare mai nauyi. Na tsaya ta wajen fuska na yi sallama. Daga nan sai na rasa yadda ake isar da saƙo irin wannan. Ba hanyata ba ce, ban san wuridinsu ba. Sai kawai na faɗa da Hausa kamar yadda ta faɗa mini: 'yarka ta Kano tana gaishe ka, ta ce ta tsufa ba ta samu zuwa ba. Na karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, na yi mata addu'a da iyayenta. Nairorin nata na zura su yadda suke, a naɗe, ta ramin shingen inda ake jefa sadaka, suka faɗa kan dinari da rufi na Pakistan. Na san ba abin da za su saya a Bagadaza, sai na bi su da dinari daga aljihuna.

Da na fito haraba na kira ƙanwata ta WhatsApp na ce ta kai wa Gwaggo wayar. Na juya kyamara ta ga ƙubba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce komai ba na ɗan lokaci, sai na ji tana cewa a miƙo mata mayafinta, wai ba za ta tsaya gaban Shehu kai a buɗe ba. Da ta rufa sai ta tambaye ni ko na cire takalmi. Na ce tun a ƙofa. Ta ce, "To Allah ya yi maka albarka. Ka samo mini ko ƙasar wurin ce." Ƙasa dai babu, duk dutse ne, sai wani ƙyalle kore da dattijon nan ya goga a jikin shingen ya ba ni. A gefen harabar akwai ɗakin girkin da ake raba wa mabuƙata miya kullum, mata da yara sun yi layi da robobi da ƙananan tukwane. Aka zuba mini a kwano, na zauna a dakali na shanye da gurasa.

Sauran lokacin ban cusa masa komai ba. Direban da ya mayar da ni ya so ya kai ni Mada'in, kilomita talatin da 'yan kai kudu da gari, inda kabarin Salmanul Farisi yake da katangar fadar Kisra. Ya kuma lissafa mini Ma'aruful Karkhi da Junaidu a ɓangaren Karkh. Na ce a'a. Da yamma dai mu ukun muka je bakin kogi a titin Abu Nuwas muka ci masguf, kifin nan da ake tsagawa ta baya a kafa shi a tsaye gefen wutar itace har ya gasu a hankali. Wanda kuɗinsa suka yi ƙasa shi ya fi kowa ci.

A dandalin Abbas bin Firnas, kan hanyar filin jirgi, muka haɗu da sauran, don binciken da ke gaba, da karnuka da sauke kaya a ɗora, yana cin lokaci sosai. Ɗalibin Babil ya riga kowa zuwa, fuskarsa ta ƙone. Ya ce Ƙofar Ishtar da ke wurin kwaikwayo ce, ta ainihin tana gidan tarihi a Berlin, kuma a jikin tubalan da aka sake gini da su sunan Saddam ne a rubuce, amma ya ga zakin dutsen nan, ya kuma hau tudun da fadar Saddam take ya hango Furatu da gonakin dabino. Alhaji na Maraɗi ya iso a tsanake cikin takalminsa, dunduniya ta warke, ya ce sau da dama ya shiga harami har ya zauna ya yi karatu kusa da kabari.

Su Malam ne suka tayar mana da hankali. Sai da jagora ya fara zufa sannan bas ɗinsu suka ɓullo. Sun ɓata sa'o'i a shingaye, mota ɗaya ta yi zafi a hanyar dawowa, Malwiyya daga tagar mota suka hango ta, Kazimiyya kuma tsayuwar da ba ta fi ta salla ba suka yi. Wata Hajiya a cikinsu sai da aka nemo mata keken guragu. Duk da haka ba wanda ya ce ya yi nadama. Malam ya ba ni labarin yadda suka samu haramin Askariyyaini, wato na Imaman Samarra biyu, kusan ba kowa, suka sauka Sardabi, masu hidima suka ja su ɗakin cin abinci suka ciyar da su. Yana faɗa idonsa na kawo ruwa, ni kuma ina jin wani abu na ci na a rai, don na san abin da na bari.

A layin awon kaya ya tambaye ni ko saƙo ya isa. Na ce ya isa, Malam. Sai ya juya ga jagora ya ce in Allah ya kai mu baɗi, a sayi tikitin da zai sauke mu a Bagadaza, a gama da Kazimiyya da Samarra tun ƙafa na da lafiya, a gangara Najaf a yi tattaki, a tashi daga filin jirgin Najaf. Jagoran ya ce tikitin shiga ta wani gari a fita ta wani ya fi tsada. Alhaji ya ce a dai tambayo nawa ne bambancin.